Ƴan kamashon intanet sun tare ƙofar tasha

Duk wanda ya taɓa shiga tashar mota a Maradi da jaka a kafaɗa ya san abin da zan faɗa. Tun ba ka gama sallamar ɗan kabu-kabu ba wani ya fizge jakar, wannan na ihu Katsina saura mutum ɗaya, wancan na rantsuwa motar Damagaram yanzu-yanzu za ta tashi, kai da ka zo neman ta Tasawa sai ka tsinci kanka gaban wata mota da mutum 5 zaune ciki ka ce alhamdulillahi ta kusa cika, ashe 4 daga cikinsu zaman cika ido suke yi, da fasinjan gaske ya shigo sai ɗaya ya zame ya ce bari ya kama ruwa, shi ke nan kai da ganinshi sai a wata motar. Direban da motarshi ke da lafiya, wanda ya duba mai ya duba taya tun da asuba, yana can baya a tsaye, shi bai iya ihu ba kuma bai biya kowa ya yi mishi ba.

To wallahi haka intanet ta koma, kuma abin da ke ci mini rai shi ne yaranmu da suka fara iya haɗa manhaja su ne direban can na baya.

Sana'ar ƴan kamashon nan sunanta SEO. Dabaru ne da mai shafi ke yi don in mutum ya buga tambaya a injin bincike shafinshi ya fito a sama, tun da a sama ake cin kasuwa, ni dai tun da nake ban taɓa ganin wanda ya zo shagona ya danna shafi na 2 na sakamako ba, abin da ya fara fitowa shi ne gaskiya a wurin mutanenmu. Ni ba injiniya ba ne, kar wani ya zo yana tambayata difloma. Sibar na riƙe shekara da shekaru lokacin da ake biyan kuɗin awa a zauna a buɗe Yahoo, da wayar hannu ta kashe sibar na koma gyaran kwamfuta da salula da buga takardu. Abin da na sani a kan teburin gyara na san shi, sai kuma abin da ya faru a cikin gidanmu.

Ɗan yayata ne, ya gama jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ya zauna babu aiki kamar sauran tsaranshi, yana taya babanshi tsaron butik. A nan ya ga wahalar kayen bashi, kun san shi ai, kayen nan da ya sha mai ya sha gumi, sunan mutum a shafi 3 daban-daban, wani an soke wani ba a soke ba, ranar da aka zo lissafi sai an kusa dambe. Sai ya zauna ya haɗa ƴar manhaja ta waya da ke riƙe wannan lissafin, ba ta buƙatar rezo, tana Hausa tana faransanci, kuma abin da ya burge ni da ita ta san yadda muke ƙirga kuɗi. Ɗan kasuwar Maradi in ya ce ɗari, dala ɗari yake nufi watau sefa 500, in ya ce jika sefa 1000 ne, babu manhajar da aka haɗa a Amurka ko Indiya da ta san wannan, za ka buga 100 ta rubuta maka 100 ta sa ka asara. Tashi kuwa tana nuna maka duka biyun gefe da gefe. Mafi yawan aikin ya yi shi ne a ƙarshen 2023 lokacin da aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, a shagona yake kwana rabin dare saboda ina da faifan sola da batir, sauro na cinshi yana buga kwamfuta.

Da ya gama bai sa ta a Play Store ba, buɗe asusun masu manhaja a can dalar Amurka 25 ne, wajen jika 15 ke nan kuma sai da katin banki, sannan tun Nuwambar 2023 sabon asusu na mutum ɗaya sai ya tara masu gwaji sun riƙe manhajar kwana 14 kafin a sake ta, da farko mutum 20 ne daga baya aka rage zuwa 12. Wannan ban ga laifinshi ba, tsari ne na korar ƴan damfara. Shi dai ya ga bai shirya ba sai ya buɗe ɗan shafi nashi, layi 10 ne duka, ga abin da manhajar ke yi, ga hoto 3, ga inda za ka danna ka sauke. Kamar dai yadda mutumin kirki zai yi.

Bayan ƴan watanni wani Alhaji mai sayar da aya da wake a babbar kasuwa ya shigo shagona ranshi a ɓace, ya aje waya a kan tebur ya ce Malam, yaron nan naku mi ya sa mini a waya, ina cikin mutane tallan caca da hotunan banza na fitowa, wannan wane irin wulaƙanci ne. Na ce Alhaji Allah ya huci zuciyarka, daga ina ka sauke? Ya ce yaron shagonshi ne ya buga sunanta ya danna na farko. Na ɗauki wayar na buga sunan da hannuna. Na farko ba shafin ɗan yayata ba ne, na biyu ma ba shi ba ne, wasu shafukan sauke manhaja ne da ban taɓa jin sunansu ba, sun kwashe hotunanshi 3, sun kewaye su da dogon rubutu, sauke kaza sabon fitowa kyauta, yadda ake sauke kaza, amfanin kaza guda 10, tambayoyin da ake yawan yi a kan kaza, rubutun da da gani ka san wanda ya yi shi bai taɓa buɗe manhajar ba. Ga maɓalli kore har 3 kowanne na cewa danna nan, biyu talla ne, na ukun ya ba ka tsohon zubi wanda aka cusa wa tallace-tallace a ciki. Shafin mai abin yana can ƙasa sai ka murza allo ka murza.

Na kira yaron ya zo, ya duba ya duba, ya goge wa Alhaji waccan ya sa mishi ta gaske ya ba shi haƙuri har da durƙusawa kamar shi ya yi laifin. Da Alhaji ya fita sai ya ce da ni, Kawu, ni na rubuta ta amma sun fi ni kama da mai ita. Maganar nan har yau tana raina. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Daga nan sai na tafka nawa kuskuren. A wani zauren WhatsApp na ga wani yana talla wai ƙwararren SEO ne, jika 30 zai jawo maka linki 500 daga shafuka daban-daban, watau wuraren da in an danna za a faɗo shafinka, cikin sati 2 ka hau sama. Ni na matsa wa yaron, ni na ba da kuɗin ma. Linkin sun zo, ban ce ba su zo ba, amma daga wasu shafuka na caca da maganin ƙarfin maza cikin harsunan da ko haruffansu ba mu iya karantawa, shafin bai motsa ko taku ɗaya ba, mutumin kuma ya daina ɗaukar waya. Mun biya fasinjan ƙarya ke nan su zauna mana a mota, kuma ma suka zauna a motar da ba ta kan layi.

Dalilin da ya sa ake cinikin linki yana da asali. Lokacin da Larry Page da Sergey Brin suka kafa Google a 1998, dabararsu da ta kayar da sauran injinan bincike ita ce ƙirga linki kamar ƙuri'a, shafin da mutane da yawa suka nuna da yatsa suka ce je can ka duba, to tabbas akwai abu a wurin. Dabara ce mai kyau a lokacin da mutane ke nuni tsakani da Allah. Amma ranar da aka gane nunin nan kuɗi ne sai aka fara sayen yatsu, kuma tun daga ranar ake wasan ɓuya tsakanin kamfanin da ƴan kamasho. A 2011 suka fito da gyaran da ake kira Panda don murƙushe shafukan da ke zuba rubutu barkatai kamar ana zuba ƙaiƙayi a buhu, a 2012 suka kawo Penguin don masu sayen linki, a 2022 suka kawo wani wai na fifita rubutu mai amfani, a Maris 2024 suka ce za su rage tarkace a sakamako da kashi 40 cikin 100. Kowane gyara in ya zo sai kiɗa ya canza, kuma wa ya fi saurin canza rawa? Wanda rawar ce sana'arshi mana. Mai kamfanin da ya aje mutum 20 ba su da aiki sai kallon injin bincike, kwana 3 ya gano sabon salo. Yaron da shi ne mai rubuta manhajar, shi ne mai gyara ta, shi ne mai amsa waya, shi ne kuma mai tsaron butik da rana, yaushe zai zauna karatun wannan?

Nan ne nake ganin zaluncin yake. SEO haraji ne da ake biya da lokaci, kuma ƙaramin mai sana'a lokacin ne ba shi da shi. Duk awar da ya ɓata yana rubuta hanyoyi 7 na riƙe lissafin shago don injin ya gan shi, awa ce da ya kamata ya yi yana gyara abin da ke sa manhajar tsayawa a tsohuwar itel mai ƙaramin ƙwaƙwalwa. Mu masu amfani mu ne ke asara sau biyu, manhajar ba ta gyaru ba, ga kuma ƙarin rubutun banza guda a duniya.

Kuma kar ku ɗauka don muna Maradi ne, ko don an raina mu. Notepad++, manhajar rubutu da masu aikin kwamfuta da yawa suka sani, mutum ɗaya ne Don Ho ya fara ta tun 2003, amma a Afrilun 2024 sai da ya fito yana roƙon jama'a su taimaka mishi a kan wani shafi mai kama da nashi da ke fitowa a bincike yana kwashe mishi mutane yana cin kuɗin talla. A 2022 an kama tallan da ke fitowa a saman sakamako da sunan GIMP, manhajar gyaran hoto ta kyauta, adireshin da ke rubuce na gaske ne amma in ka danna sai ya kai ka shafin bogi mai birus. A Disambar shekarar hukumar FBI ta Amurka da kanta ta yi gargaɗi a kan irin waɗannan tallace-tallacen har ta ba mutane shawarar su sa abin toshe talla. In masu suna irin waɗannan na kuka, ina ga ɗan unguwar Zariya ko Bagalam da shafinshi mai layi 10. Ni kam rabin kwamfutocin da ake kawo mini a yi musu formataj labarinsu ɗaya ne, ɗalibi ya je neman manhaja kyauta ya danna kore na farko.

Ɗaya ɓangaren da ya fi damuna ma ba na manhaja ba ne, na rubutun Hausa ne. Ku gwada da kanku, ku buga wata tambaya ta gaske da Hausa, misali yadda ake adana wake kar ƙwari su ci, ko mi ke kawo zawo ga ɗan akuya. Abin da za ku samu sau da yawa shafi ne da zai fara da barkanmu da sake saduwa a wannan shafi namu mai albarka, a yau za mu yi bayani a kan yadda ake adana wake, domin mutane da yawa suna tambaya a kan yadda ake adana wake, to in kana son sanin yadda ake adana wake ka biyo mu har ƙarshe. Sau 3 ke nan an maimaita kuma ba a faɗi komai ba. Ba don mai rubutun wawa ne ba, an gaya mishi ne injin na son a maimaita kalmar kuma yana son dogon rubutu, kuma kowane sakin layi wuri ne na liƙa talla. Kana murzawa forfenka na ƙonewa, talla na buɗewa, bidiyo na tashi da kanshi, in ka kai ƙarshe amsar layi 2 ce kuma ita ma an fassaro ta ne daga wani shafin turanci da aka rubuta don manomin wata ƙasa, babu ko ambaton buhun nan mai leda biyu a ciki da manomanmu suka daɗe da sani, balle a gaya maka sai waken ya bushe ƙayau kafin ka ɗaure. Tsohuwa a Tibiri ko Madarunfa za ta ba ka amsar da ta fi wannan cikin minti ɗaya tana tankaɗe.

Fassarar ma wani tashin hankali ne. Tun 2013 Google Translate ya sa Hausa, abu ne mai amfani ni ma ina aiki da shi, amma ya zama injin niƙa ga masu neman cika shafi, a kwaso rubutun wani a zuba a kwashe a liƙa ko karantawa ba a yi. Daga ƙarshen 2022 da ChatGPT ya fito kuma sai abin ya zama ba a ma buƙatar satar, ka ce a rubuta maka 50 kafin shayi ya tafasa. Za ka ga Hausa ce a ido, kalmomin duk namu ne, amma in ka karanta da ƙarfi a fada sai an yi dariya, domin babu Bahaushen da ke magana haka. A kan girki ko ƙwallo da sauƙi, a yi dariya a wuce. Amma mafi yawan abin da ake bugawa a kan lafiya ne da sirrin ma'aurata da fassarar mafarki da neman kuɗi a intanet, saboda nan ne ake dannawa, kuma mace mai ciki a ƙauye da ta sa ɗanta ya duba mata ba ta san cewa wanda ya rubuta bai san komai ba, ita dai ta ga ya fito a sama.

Turawa da Faransawa in tarkace ya yi musu yawa suna da inda za su koma, suna da dubban littattafai da jaridu da jami'o'i da suka riga suka zuba ilimi a intanet tun kafin ƴan kamasho su waye. Mu rijiyarmu yanzu ake gina ta, ruwan bai ma taru ba aka fara zuba shara. A 2025 aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, mun yi murna har da ni, amma yaron da zai buga tambaya da harshen ƙasar nan mi zai tarar? Kuma injinan nan masu amsa tambaya da ake ta yayi, daga abin da ke intanet suke koyo, in ƙaiƙayi suka tarar ƙaiƙayi za su dafa mana.

Na san abin da wasu za su ce, don an sha faɗa mini a fada. Na farko, ai yaran nan masu shafuka abinci suke nema, gara wannan da sata. Gaskiya ne kuma ban ce a tsine musu ba, wasunsu ma kwastomomina ne. Amma ku tambaye su nawa suke samu. AdSense, tsarin Google na biyan masu shafi kuɗin talla, ba ya biya sai kuɗinka sun kai dala 100 ta Amurka, kuma tallan da ake nuna wa mai karatu a Nijar ba ya tsada ko kusa da wanda ake nuna wa na Amurka ko Faransa, shi ya sa za ka ga yaro ya fara shafi da Hausa, bayan wata 6 ya koma rubuta inshorar mota a Kanada da turancin da shi kanshi bai ji. Ya bar abin da ya sani ya koma abin da bai sani ba don injin ya fi biya a can. Wahalar shekara, ribar ba ta kai ta mai sayar da ƙanƙara a watan azumi ba, masu cin kuɗin na gaske su ne masu sayar da kwas ɗin yadda ake SEO.

Na biyu, za a ce ai ba duka SEO ne ha'inci ba. Wannan ma na yarda. Ka sa wa shafinka take da ke faɗin abin da ke ciki, ka sa shi ya buɗe da sauri a ƙaramar waya da rezo mai rauni, ka yi amfani da kalmar da mutane ke faɗa da bakinsu, wannan allon shago ne, ko mai gyaran faci yana rataye tsohuwar taya a bakin titi don a san yana nan. Ɗan yayata ma a nan yana da nashi sakacin, ya rubuta sunan manhajar da ƙ mai lanƙwasa shi kaɗai alhali kusan kowa da k yake bugawa, bai sa kalmar kaye ba, bai sa kiredi ba, bai yi tunanin cewa ɗan lakwal da faransanci zai nema, ɗan Jibiya da Katsina kuma da wani salon rubutun. Mu da ko sunan garuruwanmu rubutu biyu gare su, Tessaoua da Tasawa, Guidan Roumdji da Gidan Rumji, dole mai shafi ya san da wannan. Ya gyara, kuma ya ɗan taimaka. Amma tsakanin rataye allo da fizge jakar fasinja akwai tafiya mai nisa, kuma abin da ake sayarwa da sunan SEO yau mafi yawanshi fizgen jaka ne.

Na uku su ce to ai kamfanin Google ba ƙungiyar agaji ba ce, in ba ka so ka koma wani. Wane wanin? Wajen kashi 90 cikin 100 na binciken duniya a wuri ɗaya ake yinshi, kusan kowace wayar Android da ke hannun mutanenmu da shi take zuwa. A Agustan 2024 alƙali Amit Mehta na kotun tarayya a Amurka ya yanke hukuncin cewa Google ya yi babakere a harkar bincike ba bisa doka ba, kuma a shari'ar ne aka ji cewa a 2021 kaɗai ya biya sama da dalar Amurka biliyan 26 don ya zama shi ne injin da ke buɗewa kai tsaye a wayoyi da manhajojin shiga intanet. Tasha ɗaya ce a garin ke nan. In tasha ɗaya ce, to duk dokar da mai tasha ya sa ita ce dokar tafiya, kuma duk wanda ya iya zagaye dokar shi ke lodi. Bayan wani gyaran da Google ya yi a Satumbar 2023 ƙananan shafuka da yawa a Turai da Amurka sun fito suna kukan masu ziyararsu sun zube, har da wani mai suna HouseFresh da ke sayen na'urorin tace iska yana gwadawa da hannunshi, ya nuna yadda manyan mujallu ke hawa kanshi da jerin kaya mafi kyau. Sannan tun Mayun 2024 aka fara sa amsar da injin ya haɗa da kanshi a saman sakamako, mutum ya karanta ya tahi bai shiga shafin kowa ba. Wanda ya yi gumin rubutun ko sannu.

To mi ya rage wa yaro irin namu? Zan faɗi abin da na gani da idona. Manhajar nan ba bincike ne ya yaɗa ta ba. Alhajin nan da ya zo da faɗa, bayan an sa mishi ta gaske ya yi wata 2 yana aiki da ita, ranar wata Juma'a ya kira yaron ya ce zo ka sa wa ƙanena da maƙwabcina, daga nan ta bi layin ƴan aya, ta Xender ake turawa waya zuwa waya ko forfe ba a ci, wani direba ya kai ta Dakoro, wani ya tsallaka da ita Dan Isa. Bayanin yadda ake aiki da ita kuwa saƙon murya ne na minti 3 da yaron ya yi, shi ake ta turawa, don yawancin masu shagon nan ba masu buga rubutu ba ne, magana suke yi wa waya. Kasuwancin Maradi tun na alhazan farko da suka yi arziki da gyada a kan wane ya ce wane amintacce ne yake tafiya, kuma har yanzu wannan linkin ya fi 500 ɗin da na saya.

Sai dai ba zan yaudari kaina in ce wannan ya wadatar ba, kuma nan ne nake saɓawa da abokaina masu cewa a bar musu intanet ɗinsu mu tsaya a WhatsApp. Abin da ke WhatsApp yau gobe ya nutse, waya ta faɗa ruwa ya tafi, ba a nemo shi, wanda ba ya cikin zauren bai san an yi ba. Malamin gona da ya yi bayani mai kyau a kan tsutsar gero a saƙon murya, likitan dabbobi da ya san jar akuyar Maradi ciki da waje, ungozomar da ta shekara 30 tana aiki, duk iliminsu na yawo a wayoyi yana ɓacewa, filin da ake nema kuma an bar wa mai barkanmu da sake saduwa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar nan mu muka bar ta. Ni abin da nake so in gani shi ne waɗanda suka san abu su rubuta shi a buɗaɗɗen wuri da Hausar da suke magana da ita, gajere in gajere ne, ba tare da tunanin injin ba, mu kuma masu karatu in mun ga na kirki mu nuna shi da yatsa da sunan mai shi, mu daina tura na bogi don kawai takenshi ya ce abin da ya faru zai ba ka mamaki. Ban ce za su hau sama gobe ba, wataƙila ma ba za su hau ba, amma ko ba komai wanda ya murza ƙasa zai tarar da mutum.

Yaron yanzu ya tara kuɗin asusun, wani abokinshi mai katin banki a Yamai ya biya mishi, yana neman masu gwaji 12 da za su riƙe ta kwana 14 ba su goge ba, ya samu 9, ni ne na farko, Alhaji na biyu. Shafukan can da suka kwashe mishi hotuna ya rubuta musu sau 3 su sauke, ɗaya ya amsa da saƙon da inji ya rubuta, sauran shiru. Jiya da dare bayan isha'i na sake buga sunan manhajar a wayata don in gani, yana na 3 yanzu, biyu na samanshi har yau tsohon zubin suke rabawa, kuma sun canza take sun sa sabon fitowa na bana.